Yadda Ake Gina Gida Mai Sanyi da Bulon Ƙasa, Daga Duba Fili Zuwa Tarewa

Masu karatu da dama sun yi ta tambayar yadda mutum zai gina gidan da ba zai zama tanda ba a watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40 a Sakkwato da Kano da Damagaram, ba tare da ya dogara da na'urar sanyaya ɗaki da janareta ba. Wasu kuma sun tambaya ko gaskiya ne bulon ƙasa da ake haɗawa da ɗan siminti a matse da inji ya fi bulon siminti arha. Wannan jagora ta shafi gida na ƙasa, wanda ba bene ba, kuma an jera matakan yadda ya kamata a bi su, domin yawancin asarar da ake yi a wannan aiki daga gabatar da abin da ya kamata a jinkirta take fitowa. A kowane mataki akwai haƙƙin wani da yake rataye a wuyan mai gini: maƙwabci, lebura, da wanda zai gaji unguwar bayanmu. Na sa kowanne a wurin da ya shafa.

1. Duba fili da damina

Kada ka sayi fili da rani ka fara haƙa kafin ka gan shi a watan Agusta, bayan an yi ruwa mai ƙarfi. Ka je ka ga inda ruwa yake fitowa, inda yake kwanciya, da inda yake wucewa, sannan ka tambayi dattawan unguwa ko wurin tsohon kududdufi ne da aka cike da shara, ko hanyar ruwa ce da aka yanka aka sayar. Ginin ƙasa yana jure zafi da shekaru, amma ba ya jure ruwan da ya kwanta a gindinsa.

Gargaɗi: idan filinka yana cikin kwari, cike shi da ƙasa har ya fi na maƙwabta tudu ba magani ba ne, tura musu ruwan kawai ka yi. Ka tsara magudanar da za ta kai ruwan babbar kwata, ka kuma zauna da maƙwabtan ku daidaita kafin a sa diga.

Ka ƙidaya itatuwan da ke filin. Darbejiya ko tsamiya ko gawo da ya girma, musamman a yammacin fili, ya fi duk wata rumfa da za ka yi da kuɗi, don haka a daidaita zanen gida da itacen maimakon a sare shi.

2. Zane da izini

Ka nemi mai zanen gine-gine da injiniya masu rajista, ka gaya musu tun farko cewa da bulon ƙasa za ka yi, domin kaurin bango da faɗin taga da tsayin ɗaki duk sun danganta da girman bulon. Sannan a kai zanen hukumar tsara birane, kamar KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna, a karɓi izini kafin a fara.

Abu mafi muhimmanci a zanen, wanda kuma ba ya cin ko kwabo, shi ne fuskar da gidan zai kalla. A miƙe tsawon ginin daga gabas zuwa yamma, yadda dogayen bangaye da manyan tagogi za su kalli kudu da arewa. Rana da hantsi da kuma la'asar tana sauka ƙasa-ƙasa ta doki bangon gabas da na yamma kai tsaye, alhali a kudu da arewa tana bi ta sama, inda ɗan bakin rufi ya isa ya tare ta. A Kano rana tana karkata arewa daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta, sauran shekara kuma tana kudu, saboda haka ɓangarorin biyu duk suna buƙatar inuwa. A yammacin gida a sa ɗakin ajiya da banɗaki da gareji, su sha zafin la'asar a madadin ɗakunan kwana.

Kowane ɗaki ya samu taga a bango biyu domin iska ta ratsa, a kuma bar ƙananan kafofi kusa da silin, masu raga, inda iska mai zafi za ta fita. Tagogin su kasance masu murfin katako ko ƙarfe da ake rufewa ruf, saboda ƙurar hunturu da ke tasowa daga arewa maso gabas. Kada a cinye fili duka da ɗakuna. Tsakar gida da zaure da rumfa, waɗanda masu zanen zamani suke yawan yankewa, su ne suke ba gida wurin shan iska da dare.

Gargaɗi: taga ko baranda da za ta leƙa tsakar gidan maƙwabci a gyara ta a takarda, domin bayan an gina sai dai a toshe, kuma toshewar za ta kashe maka hanyar iska.

3. Gwada ƙasa kafin ka sayi komai

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne yake raba ginin da zai daɗe da wanda zai fara zubar da gari tun damina ta biyu. Ba kowace ƙasa ce take yin bulo ba. Ƙasar sama mai saiwoyi da taki ta noma ce, a kwashe ta a tara gefe guda domin lambun gida. Wadda ake so tana ƙarƙashinta, galibi jar ƙasa mai burji, wadda yashi da tsakuwa ƙanana suka fi yawa a cikinta, yumɓu kuma ya kasance daidai abin da zai riƙe su. Baƙar ƙasa mai kumbura da damina ta tsage da rani, irin ta wasu sassan Borno da Adamawa, ba ta dace ba.

Gwaji na farko shi ne na kwalba. Ka samu kwalba mai miƙaƙƙen jiki, ka zuba ƙasa zuwa sulusinta, ka cika da ruwa, ka sa ɗan gishiri, ka girgiza sosai, ka ajiye kwana guda. Tsakuwa da yashi za su sauka ƙasa, laka mai laushi ta biyo, yumɓu ya kwanta a sama. Ka auna kowane layi da abin awo. Idan yashi da tsakuwa sun kai rabi zuwa kashi 70 cikin 100, yumɓu kuma yana tsakanin kashi 10 zuwa 20, ƙasar za ta karɓi siminti da kyau.

Gwaji na biyu da hannu ake yi. Ka cire tsakuwa, ka kwaɓa ƙasar, ka murza ta ta yi tsawo da kaurin kimanin santimita 3, ka riƙa tura ta a hankali daga gefen tafin hannunka har ta karye. Idan ta karye ƙasa da santimita 5, yashi ya yi yawa. Idan ta haura santimita 15 ba ta karye ba, yumɓu ya yi yawa, sai an ƙara yashi. Tsakanin nan ake nema.

Waɗannan gwaje-gwajen na tacewa ne kawai. Ƙasar da ta tsallake su, a kai samfurinta ɗakin gwaji na sashen injiniyan gine-gine a jami'a ko kwalejin fasaha mafi kusa. Kuɗin gwajin bai kai asarar bulo dubu guda ba.

Gargaɗi: ka san inda tifa take ɗebo maka ƙasa. Ramin da aka haƙa aka bari a gefen unguwa shi ne kududdufin da sauro yake haihuwa a ciki, wanda kuma yara suke faɗawa da damina. Ka fara da ƙasar da ta fito daga ramin harsashi da na sokawe da na tankin ruwa na filinka, sauran kuma a sayo daga wurin da hukuma ta amince a haƙa. Gidan da aka kira mai kare muhalli alhali ya bar rami a bayan garin wasu bai cika sunansa ba.

4. Lissafin kuɗi

Farashin siminti yana sauyawa kusan kowane wata, saboda haka zan ba da lissafin da buhu, kai kuma ka ninka da farashin ranar. Bulon da aka fi bugawa yana da tsawon santimita 29.5, faɗi 14, kauri 9, nauyinsa kuma kimanin kilo 7. Idan aka sa siminti kashi 6 cikin 100 na nauyin ƙasa, buhu mai kilo 50 zai fitar da bulo 110 zuwa 120. Murabba'in mita guda na bango mai kaurin santimita 14 yana cin bulo kusan 32.

Ɗauki ɗaki mai mita 4 da mita 4, tsayi mita 3. Bayan an cire ƙofa da tagogi, bangon zai kai murabba'in mita 43, wato bulo kusan 1,400, a ƙara na fashewa ya zama 1,500, wanda zai ci buhu 13. Ɗakin nan da bulon siminti mai inci 9 zai ci bulo 450, kuma idan an buga shi da gaskiya, 30 a buhu, buhu 15 ke nan. Ka ga ratar ba ta da yawa. Idan kuma ka yi bangon ƙasar mai kaurin santimita 30, wanda shi ne yake riƙe sanyi sosai, simintin zai ninka ya wuce na bulon siminti.

Na kawo wannan ne domin masu tallan injin bulo ba su cika faɗinsa ba. Ribar tana wasu wurare: ba ka buƙatar filasta da fenti idan an jera bulon da tsabta, ba ka sayen yashin kogi mai yawa, kuma mafi girma, kuɗin wuta da man janareta na shekaru. Shawarata ita ce a yi bangon gabas da na yamma masu kauri, na kudu da arewa yadda injiniya ya ga ya dace, bangayen ciki kuma da ruwa ba ya taɓawa a rage musu siminti sosai, ko a yi su da bulon ƙasa zalla. Masana'antar siminti tana fitar da kusan kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon da duniya take fitarwa, don haka kowane buhu a sa shi inda ba makawa sai da shi.

A cikin kasafin ka sa hayar inji ko sayensa, rariya, leda mai faɗi, ruwa, da ladan ma'aikata, wanda a wannan gini ya fi na ginin siminti yawa. Wannan kuɗin a unguwa yake zama, kuma ina ganin hakan alheri ne.

5. Buga bulo

Kayan aiki: injin matse bulo, na hannu ko mai amfani da mai, rariyar ƙarfe mai ido milimita 5 zuwa 10, baro, shebur, bokitai masu girma ɗaya, butar ban ruwa mai feshi, leda baƙa, da fili mai daɓe a inuwa. Injin hannu da ma'aikata huɗu zuwa shida yana fitar da 'yan ɗaruruwa a rana, saboda haka a fara bugu tun bayan kaka, wata biyu ko uku kafin a fara jeri. Cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta Najeriya, NBRRI, ta ƙera irin waɗannan injuna, kuma wuri ne da ya dace a nemi bayani.

A shanya ƙasar ta bushe, a farfasa curin, a tankaɗe. A auna nauyin baro guda sau ɗaya domin a san adadin da zai hau buhu. Da baro mai cin lita 60, yawanci tsakanin 9 da 10 ne. A gauraya ƙasa da siminti a bushe, a juya aƙalla sau uku har launin ya zama ɗaya, sannan a yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan ana juyawa. Kwaɓin ba irin na tubali ba ne, danshi kawai ake so. Ka dunƙula cikin hannu ka sake shi daga tsayin mita ɗaya: idan ya watse kamar gari, ruwa ya yi kaɗan, idan ya faɗi a dunƙule ya baje, ruwa ya yi yawa, idan ya rabu gida huɗu zuwa bakwai, ya yi daidai.

Gargaɗi: daga lokacin da ruwa ya taɓa siminti, a gama matse kwaɓin cikin awa guda. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kwaɓa tuli guda da safe a yi ta ɗiba har azahar, kuma bulon da ya fito daga ƙarshen tulin ba shi da ƙarfi ko da ya yi kyau a ido.

Kowane bulo a zuba masa ma'auni ɗaya. Da ya fito, a ɗauke shi da tafin hannu biyu, a jera a inuwa, a lulluɓe da leda nan take. A riƙa yayyafa ruwa safe da yamma na mako ɗaya zuwa biyu yana lulluɓe, sannan a buɗe ya bushe a hankali har ya cika kwana 28. Iskar hunturu tana tsotse danshi cikin sa'o'i kaɗan, kuma bulon da ya bushe da wuri simintinsa ya tafi a banza.

Kafin a fara jeri, a ɗebi 'yan bulo daga kowane rukuni a jiƙa a ruwa kwana guda. Wanda ya narke ko gefensa ya zube, rukuninsa ba zai hau bangon waje ba. A kai wasu ɗakin gwaji a auna ƙarfinsu a bushe da kuma a jiƙe.

Masu tankaɗe da gauraya su samu abin rufe hanci da safar hannu da ruwan sha da inuwa, a dakata da tsakar rana, kuma kada a sa yara ɗaukar bulo don an ga ladansu ya fi sauƙi. Hadisi ya zo da umarnin a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, saboda haka kada ka tara ma'aikata sai kuɗin satin yana hannunka.

6. Harsashi

A nan ba a rowar siminti. A yi harsashin da dutse ko kankare zuwa zurfin da injiniya ya tsara, a ɗaga shi sama da doron ƙasa aƙalla santimita 30 zuwa 50, fiye da haka a inda ruwa yake taruwa. A shimfiɗa leda mai kauri ko kwalta a samansa kafin layin farko na bulon ƙasa, domin ta hana danshi hawa cikin bango. A fitar da duk saiwoyi da guntayen katako daga ramin saboda gara, a kuma yi daɓe mai gangara a kewayen gidan da zai kore ruwa nesa da gindin bango.

7. Jera bango

Ka nemi magini da ya taɓa aikin, ko ka biya a koyar da naka kafin a fara. Ɗakin mai gadi ko ɗakin ajiya wuri ne mai kyau na gwada hannu. Kwaɓin jeri a yi shi da ƙasar da aka buga bulon, a tankaɗe ta da laushi, a ɗan ƙara mata siminti fiye da na bulon, kaurinsa kuma santimita 1 zuwa 1.5. Kwaɓin yashi da siminti mai ƙarfi ya fi bulon tauri, kuma nan tsagewa take farawa. A ɗan jiƙa bulo kafin a ɗora, a sarƙe layi da layi, kada a haura kimanin mita ɗaya a rana, a goge bango tun kwaɓi yana ɗanye tunda ba za a rufe shi da filasta ba.

Ƙofa da taga su yi nesa da kusurwa da aƙalla santimita 60. A zagaye saman bangon duka da linta ta kankare da rodi, ita ce take ɗaure ginin, kuma a cikinta ake dasa ƙarafan da za su riƙe rufi lokacin guguwar farkon damina.

Gargaɗi: a tsara hanyar wayar lantarki tun ana jeri, kada mai wuta ya zo daga baya ya sassaƙe bango. Bututun ruwa kuwa a bi da shi ta waje inda za a ga ɗigo, domin ɗigon da ya ɓuya cikin bangon ƙasa ba a ganinsa sai ya yi ɓarna. Banɗaki da kicin a yi musu tayil ko shafe mai hana ruwa.

8. Rufi

Yawancin zafin ɗaki daga sama yake saukowa, don haka bango mai kyau a ƙarƙashin kwano mara silin aikin banza ne. Hanyar da ta fi aiki ita ce rufi biyu: silin mai kauri a ƙasa, kwano a ɗage a samansa, da sarari a buɗe tsakaninsu inda iska take wucewa ta kwashe zafi. Haka mai zanen gine-gine Francis Kéré ya yi a makarantar firamare ta Gando a Burkina Faso, wadda aka kammala a 2001 da bulon ƙasa, kuma shi ne ya karɓi Pritzker, babbar kyautar zanen gine-gine ta duniya, a 2022. Mai son ganin aikin bulon ƙasa a ƙasar Hausa kuma, akwai masallaci da ɗakin karatu na Hikma a Dandaji cikin jihar Tawa a Nijar, wanda Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka tsara aka kammala a 2018. Duk wanda ya ga waɗannan zai daina cewa ginin ƙasa na marasa hali ne.

Ka zaɓi kwano fari ko mai haske. Baƙin kwano da mai ruwan toka da ake yayi yanzu suna tara zafi. Bakin rufi ya fito santimita 60 zuwa mita ɗaya daga bango ta kowane gefe, a ƙara a gabas, inda hadari yake tasowa ruwa ya doki bango da iska. Salon ɓoye rufi a bayan bango bai dace da ginin ƙasa ba, domin yana barin bango tsirara, kuma magudanarsa idan ta toshe cikin bango take zubarwa. A sa raga a sararin rufin saboda jemagu da tsuntsaye, kuma a guji silin na asbestos, ƙurarsa tana cutar da huhu.

Game da katako, ka tambayi asalinsa. Giginyar da ake tsaga azara daga gare ta tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta isa sara, kuma ta yi ƙaranci a wurare da dama. Azarar tsohon gini da aka rushe tana da ƙarfi, gara ba ta cika cinta ba, a saye ta a sake amfani da ita. Haka nan jan bulo da ake ƙonawa da icce, kyansa ba ya biyan itatuwan da ya cinye.

9. Shafe

Bulon da aka buga da kyau, a ƙarƙashin rufi mai faɗi, ana barinsa haka. Idan za a shafe bangon gabas, a yi da kwaɓin ƙasa mai ɗan siminti, siriri. Bangon ƙasa zalla kuwa kada a yi masa filastar siminti ko fenti mai mai, domin suna kulle danshi a ciki, filastar ta ɓamɓare ta tafi da fuskar bango. A irin wannan bango makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ta fi dacewa, sai dai a sabunta ta lokaci-lokaci, kuma tsofaffin magina ne suka san haɗinta.

10. Ruwa, sokawe da wuta

Kowane milimita guda na ruwan sama a kan murabba'in mita guda lita ɗaya ce. Rufi mai murabba'in mita 100 a shekarar da aka samu milimita 700 zai karɓi lita 70,000, kuma ko an yi asarar kashi ɗaya cikin biyar, abin da ya rage yana da yawa. A sa indararo da bututu zuwa tanki mai murfi, a bar ruwan farko ya wanke ƙurar kwano ya zube. Ruwan wanka da na alwala a karkatar da shi gindin itatuwa.

Gargaɗi: ana so sokawe ko masai ya yi nisan mita 30 daga rijiya, kuma fili mai ƙafa 50 da 50 bai kai wannan tsawon ba. Ka san inda rijiyar maƙwabcinka take kafin ka haƙa, ku haɗa ramukan ƙazanta a ɓangare guda, rijiyoyi a ɗaya ɓangaren.

Sola ita ce ta ƙarshe. Ka tare, ka ga yadda gidan yake a bazara guda, sannan ka auna abin da kake buƙata. Sau da yawa fanka da fitilu da firiji sun wadatar, kuma batirin da ya mutu a mayar wa masu sayensa, kada a jefa shi a bola. Kada a mamaye tsakar gida duka da kankare, a bar ƙasa ta sha ruwa. Itace mai girma a dasa shi aƙalla mita 5 daga harsashi. Kowace shekara kafin ruwan farko a share indararo, a duba gindin bango da ƙasan tagogi, a cike duk wata tsaga da kwaɓin ƙasar da aka yi ginin da ita, wadda ya kamata ka ajiye 'yan buhuna nata tare da ragowar bulo a ɗakin ajiya.